Makaranta a Teburin Cin Abinci: Sharhi kan Karatun Gida na Iyalan Kirista a Amurka

A Amurka akwai yara masu yawa da motar makaranta ke wucewa ta ƙofar gidansu kowace safiya ba ta tsaya ba. Ba rashin kuɗi ya hana su shiga ba, domin makarantar gwamnati kyauta ce a can. Ba kuma gudun karatu suke yi ba. Iyayensu ne suka zaɓi su koyar da su da kansu a gida, tun daga baƙi da wasali har zuwa lissafin shiga jami'a. Cibiyar ƙididdigar ilimi ta gwamnatin ƙasar ta ƙiyasta yawansu a kan 850,000 a 1999. Zuwa 2012 sun kusa miliyan 1.8, wato sama da kashi 3 cikin 100 na yaran da suka isa makaranta. Da korona ta rufe azuzuwa a 2020, hukumar ƙidayar jama'a ta ga gidajen da ke wannan tsari sun tashi daga kashi 5.4 cikin 100 a ƙarshen Afrilu zuwa kashi 11.1 a farkon Oktoba. Wasu sun koma aji da aka buɗe, wasu kuwa sun tafi ke nan.

Tun shekarun 1980, ginshiƙin wannan harka shi ne iyalan Kirista masu riƙo da addini, musamman mabiya ikilisiyoyin bishara. Masu goyon bayansu da masu sukarsu sun daɗe suna kai ruwa rana a kotu da majalisa da jaridu. Amma mai son ya gane abin da ake rigima a kansa gara ya leƙa cikin gidan, ya ga yadda mako guda ke tafiya. Darussa uku sun isa su nuna masa komai: tarihi, girki da kimiyya. A cikinsu ne ƙarfin karatun gida yake, a cikinsu ne kuma rauninsa, kuma duk biyun tushensu ɗaya: komai a hannun mutum ɗaya yake.

Yadda aka iso nan

Karatun dole ba daɗaɗɗen abu ba ne a Amurka. Jihar Massachusetts ce ta fara kafa dokarsa a 1852, Mississippi ta zo ƙarshe a 1918. Daga nan, hana yaro zuwa makaranta ya zama laifin da kan kai uba gaban alƙali. Duk da haka kotu ba ta taɓa miƙa wa gwamnati yaro ɗungurungum ba. A 1925 Kotun Ƙoli ta rushe wata dokar jihar Oregon da ta tilasta wa kowane yaro shiga makarantar gwamnati. A 1972 kuma ta ba 'yan ɗariƙar Amish na jihar Wisconsin gaskiya, ta yarda su cire 'ya'yansu daga makaranta bayan aji takwas saboda addininsu.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ɗaga murya a kan a dawo da yara gida ba mai wa'azi ba ne. John Holt malamin makaranta ne da ya lura aji na kashe wa yaro ƙishirwar sani, ya maye gurbinta da tsoron kuskure. Ya rubuta littafi kan haka a 1964, a 1977 kuma ya fara fitar da mujalla domin iyayen da suka janye 'ya'yansu. A ganinsa a bar yaro ya bi abin da ke ba shi sha'awa, ba jadawali ba jarrabawa. A ɗaya gefen akwai Raymond Moore da matarsa Dorothy, mabiya ɗariƙar Adventist, waɗanda a littafinsu na 1975 suka ce tura yaro aji tun yana ɗan ƙarami cutarwa ce, gara a jinkirta har ya kai shekara 8 ko 10. Muryar Moore ce ta ratsa gidajen Kirista, bayan James Dobson ya yi hira da shi a shirinsa na rediyo mai farin jini, Focus on the Family.

Maganar ta zo a kan gaɓa. A 1962 da 1963 Kotun Ƙoli ta hana addu'ar hukuma da karatun Littafi Mai Tsarki na ibada a makarantun gwamnati, iyaye da yawa kuma suka ɗauki hukuncin a matsayin korar Allah daga aji. Wasu suka buɗe makarantun coci. Waɗanda kuɗinsu bai kai ba, ko babu irin makarantar kusa da su, suka juya ga gida. A 1983 lauyoyi biyu, Michael Farris da Michael Smith, suka kafa ƙungiyar kare masu karatun gida a gaban shari'a, wadda aka sani da HSLDA. Aka yi ta fafatawa jiha bayan jiha, zuwa 1993 karatun gida ya halatta a dukkan jihohi 50.

Fasalin mako

Mu ɗauki irin gidan da aka fi samu: uba na fita aiki, uwa na gida da yara uku ko huɗu, babba ɗan shekara 12, auta bai daɗe da yaye ba. Bayan karin kumallo kowa ya hallara wuri ɗaya, a karanta sura daga Zabura ko Karin Magana, a rera waƙar yabo, a maimaita ayar haddar mako, a yi addu'a. Sannan a rarrabu. Lissafi da karatu da rubutu kowane yaro da matakinsa, uwa na zagayawa daga wannan zuwa wancan. Galibi kafin tsakar rana an gama wannan ɓangare, domin babu kiran suna, babu jerin layi, babu jiran na baya ya kamo na gaba.

Tarihi da kimiyya kuwa tare ake yin su, babba da ƙarami, saboda uwa ɗaya ba za ta iya koyar da tarihi iri uku a rana ɗaya ba. Akwai kuma ranar haɗaka, inda iyalai da dama ke taruwa a ɗakunan coci, kowace uwa ta ɗauki abin da ta fi ƙwarewa a kai: wadda ta yi aikin jinya ta koyar da sassan jiki, wadda ta iya kiɗa ta koyar da kiɗa. Juma'a kan tafi a laburaren gari, ko gidan tarihi, ko gona.

Littattafan da ake amfani da su babbar kasuwa ce. Abeka daga Pensacola ta jihar Fulorida yake fitowa, BJU Press kuma daga jami'ar Bob Jones. Waɗannan tsarin aji ne aka kwaso aka kawo gida, da littafin ɗalibi da na malami da takardun gwaji. Wasu iyalai na bin tafarkin Charlotte Mason, malamar Ingila da ta rasu a 1923. Ita cewa ta yi a karanta wa yaro ɗan gajeren sashe daga littafi mai rai, wanda mai son abin ya rubuta, sai yaron ya maimaita abin da ya ji da bakinsa, a kuma riƙa fitar da shi waje yana zana tsuntsu da ganye. Tafarki na uku ya samo ƙarfi daga wata lacca da marubuciya Dorothy Sayers ta gabatar a Oxford a 1947: hadda a ƙuruciya, neman dalili da muhawara a tsakiya, iya magana da rubutu a samartaka. Gidaje da yawa ba sa tsayawa kan ɗaya, su ɗiba nan su ɗiba can.

Tarihi: labarin wa za a bayar?

A 1999 Susan Wise Bauer da mahaifiyarta Jessie Wise suka fitar da littafin da ya sauya yadda dubban gidaje ke koyar da tarihi. Sun raba tarihin duniya shekara huɗu, daga tsoffin dauloli zuwa yau, sannan a zagaya shi sau uku cikin shekara 12. Yaro zai haɗu da fir'aunonin Masar yana ɗan shekara 6, ya sake haɗuwa da su yana 10, sannan yana 14, kowane karo da zurfin da ya fi na baya.

A makon Masar, Litinin a karanta labarin kogin Nilu da ambaliyarsa, yara su cika taswira da launi. Washegari su rubuta sunayensu da rubutun zane na Masarawa. Sai aikin da ya yi suna a tsakanin masu karatun gida: a sayo ɗanyar kaza, a wanke ta a tsane, a binne ta cikin gishiri da bekin soda, a riƙa sauya gishirin har makonni, sai ta bushe ƙamas a naɗe ta da tsumma. Masarawa da kansu wani gishiri dangin kanwa suka yi amfani da shi. Yaron da ya yi wannan aiki ba zai manta dalilin da ya hana gawar Fir'auna ruɓewa ba: gishiri na zuƙe ruwa, ƙwayoyin da ke ruɓar da nama kuma ba sa aiki inda babu ruwa. Darasi ɗaya, ga tarihi ga kimiyya.

A bangon falo akan manna doguwar takarda mai shekaru a jere, a riƙa liƙa hoton kowane mutum a zamaninsa. A gidan Kirista, Ibrahim da Yusufu da Musa suna kan takarda ɗaya da Hammurabi da Ramses. Da gangan ne. Iyayen ba sa son yaro ya tashi da tunanin cewa labarin Littafi Mai Tsarki na ranar Lahadi ne kawai, tarihin gaske kuma sai ranar Litinin. Hujjarsu tana cikin Maimaitawar Shari'a sura 6, inda aka ɗora wa iyaye nauyin koya wa 'ya'yansu umarnan Allah a cikin zaman yau da kullum. A wurinsu tarbiyya amana ce da ba a ba wani riƙo.

Inda gizo ke saƙa shi ne tarihin Amurka kanta. Manhajojin Kirista da dama na ba da shi a matsayin labarin al'ummar da Allah ya yi wa jagora, tun daga masu ibadar da jirgin Mayflower ya sauke a Plymouth a 1620. Amma shekara guda kafin nan, a 1619, an riga an sauke 'yan Afirka da aka kamo bauta a Birjiniya. Mutanen da baƙin suka tarar a ƙasar kuma, daga baya an raba su da ita. Masu nazari da 'yan jarida sun sha sukar wasu daga cikin littattafan nan da sassauta zancen bauta da na ƙwace ƙasa. A makaranta, ko littafi ya yi son kai, ana iya samun malami ko ɗan aji da zai ce ba haka ba ne. A gida kuwa, wadda ta zaɓi littafin ita ce mai karantawa, ita ce mai amsa tambaya, ita ce kuma mai duba jarrabawa.

Sai dai wannan 'yanci ba ɓangare ɗaya kaɗai yake amfana ba. A ƙidayar 2020 da aka ambata, gidajen baƙaƙen fata ne suka fi kowa ƙaruwa, daga kashi 3.3 zuwa kashi 16.1 cikin 100. Cikin dalilan da irin waɗannan iyaye ke bayarwa akwai tarihi. Suna son 'ya'yansu su san Frederick Douglass da Harriet Tubman sosai, su san daular Mali da hajjin Mansa Musa na 1324, kada labarin kakanninsu ya fara daga cikin jirgin bayi. Damar da ke ba wani ikon ɓoye wani shafi ita ce ke ba wani ikon buɗe shi.

Girki: ilimin da ke shiga ta hannu

Baƙo zai iya zaton sa girki a jadawali dabara ce ta uwa don a taya ta aiki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, iyayen ma ba sa musu, domin gidan da mutum shida ke ci sau uku a rana dole kowa ya sa hannu. Amma kicin na koyar da abin da allo ke shan wahalar koyarwa. Da kofi da cokali Amurkawa ke awon girki, kofi ɗaya cokali 16 ne. Idan takarda ta ce a zuba kashi uku cikin huɗu na kofin fulawa, ga shi ana son ninka girkin saboda baƙi, yarinya 'yar shekara 8 za ta gano da kanta cewa kofi ɗaya da rabi ake nema. In ta yi kuskure ba jan biro za ta gani ba, kek ɗin ne zai ƙi tashi, kowa a gida ya ci ya shaida.

Burodi ya fi haka. Yis halitta ce mai rai, yana cin sukari ya fitar da iskar kabon, danƙon ƙullun fulawa ya riƙe iskar, ƙullu ya kumbura. Ruwa ya cika zafi ya kashe yis, ya cika sanyi ya sa shi nawa. Sai uwa ta raba ƙullu kwano uku, ɗaya a firji, ɗaya a bakin taga, ɗaya kusa da murhu, yara su riƙa aunawa suna rubutawa. Ba su sani ba sun koyi babbar ƙa'idar gwajin kimiyya: a sauya abu ɗaya, a bar sauran yadda suke, a ga abin da zai biyo baya.

Girkin kan bi darasin tarihi. A makon Yaƙin Basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 akan gasa busasshen biskit na fulawa da ruwa da gishiri, irin guzurin sojojin lokacin, yaro ya gwada haƙorinsa ya ji abin da soja ya ji. A makon Turawan farko da suka sauka Amurka akan kaɗa kirim a kwalba har man shanu ya fito, a yi wainar masara, a tuna cewa 'yan asalin ƙasar ne suka koya wa baƙin noman masarar.

Amma kicin na tona wani asirin. A wasu gidaje masu tsauri, girki da ɗinki da reno rabon 'ya'ya mata ne, ana shirya su zaman aure, zancen jami'a kuma a bar wa maza. Wasu matan da suka tashi a irin waɗannan gidaje sun fito daga baya sun ce an rage musu lissafi da kimiyya an ƙara musu aikin gida, aka kira shi karatu. A wasu gidajen kuwa, namiji da mace kowa na da ranar girkinsa, kowa na da littafin lissafinsa. Wanda ke son sanin matsayin 'ya mace a makarantar gida ya duba wa ke wanke kwanoni lokacin da ake darasin aljabra.

Kimiyya: inda iyakar uwa ke bayyana

A shekarun farko, da wuya aji ya kamo gida a kimiyya. A tafasa jan kabeji a tace ruwansa, a ɗiga binega ya koma ja, a zuba bekin soda ya koma shuɗi ko kore, yaro ya ga bambancin tsami da kishiyarsa da idonsa. A shuka wake a kofi, a kwana waje ana kallon taurari, a yini a bakin tafki ana bin talibambam. Malamar da ke da yara 25 da ƙararrawa a kanta ba ta da wannan sararin.

Da yaro ya shiga shekarun sakandare sai lissafin ya sauya. Kimiyyar sinadarai da ta fiziks na buƙatar ɗakin gwaje-gwaje da wanda ya san su da gaske, ba wanda ya karanta babin jiya da dare ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, iyaye masu hankali sun san haka. Shi ya sa suke neman malami a ranar haɗaka, ko darasi ta intanet, ko su sa yaro ya ɗauki wasu kwasa-kwasai a kwalejin shekara biyu ta garinsu tun bai gama sakandare ba. Gidan da ya ƙi neman taimako a wannan mataki, yaron ne ke biyan bashin.

Sai babbar magana, wato asalin duniya. Littattafan kimiyya da suka fi karɓuwa a gidajen bishara, irin na kamfanin Apologia, suna koyar da cewa an halicci duniya cikin kwana shida na zahiri, shekaru dubbai kaɗan da suka wuce. Irin wannan lissafi ne Bishop James Ussher na Ireland ya yi a ƙarni na 17, ya sa halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu. Ƙungiyar Ken Ham, mai yaɗa wannan fahimta, ta buɗe gidan tarihin halitta a jihar Kentucky a 2007, ta ƙara da ƙaton jirgin Nuhu a 2016, iyalai kuma na kai yara can yawon karatu. Masana kimiyya kuwa, bisa awon yadda wasu sinadarai ke rikiɗa a cikin duwatsu, sun sa shekarun duniya a kan kimanin biliyan 4.5, kuma ilimin halittu na zamani a kan ka'idar sauyawar halittu sannu a hankali aka gina shi.

Kuskure ne a ɗauka wannan faɗa ne tsakanin Kirista da kimiyya. Georges Lemaître, wanda ya kawo bayanin faɗaɗar sararin samaniya a 1927, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta taswirar ƙwayoyin gadon ɗan Adam, Kirista ne mai bishara, kuma a 2007 ya kafa ƙungiyar BioLogos domin nuna cewa bangaskiya da wannan kimiyya na iya zama tare. Akwai gidajen Kirista masu karatun gida da ke bin wannan fahimta. Saboda haka tambayar ba ko iyaye za su koya wa ɗansu abin da suka gaskata ba ce, wannan haƙƙinsu ne. Tambayar ita ce ko za su bar shi ya ji hujjar ɗaya ɓangaren yadda masu ita ke faɗinta, ba yadda abokan hamayyarsu ke kwaikwayonta ba. Wanda ya fara jin ta yana ɗan shekara 18 a ajin kimiyya na jami'a na iya zargin iyayensa da ɓoye masa gaskiya, kuma zargin kan shafi bangaskiyar da aka so a kare masa.

Wa ke dubawa?

A Amurka ilimi hurumin jiha ne, don haka dokar ta bambanta ƙwarai. A Teksas, inda kotun ƙolin jihar ta yanke a 1994 cewa makarantar gida makaranta ce mai zaman kanta, ba sai iyaye sun yi rajista da hukuma ba. Haka yake a Idaho da Oklahoma da Alaska. A New York kuwa dole a miƙa tsarin karatun shekara, a kai rahoto sau huɗu, a kuma auna yaro a ƙarshe. A Pennsylvania akan tara ayyukan yaro wani ƙwararre ya duba. A Turai, Jamus ta haramta karatun gida, kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai kuma ta goyi bayanta a 2006. Faransa ta mayar da shi sai da izini tun 2022. A Ingila doka ta yarda da shi.

Rashin sa ido na da haɗari. A 2018, a garin Perris na Kalifoniya, aka gano 'yan'uwa 13 da iyayensu suka tsare a gida cikin yunwa da azaba. Gidan na da rajistar makaranta mai zaman kanta, amma babu jami'in ilimi da ya taɓa leƙawa. Irin wannan ba shi ne halin yawancin gidaje ba, sai dai yaron da ba ya zuwa aji ya rasa malamar da za ta ga tabo a jikinsa. Tun a 2013 wasu da suka tashi a karatun gida suka kafa ƙungiya suna neman a riƙa sanar da hukuma, a kuma riƙa auna yara. A 2020 Elizabeth Bartholet, farfesar shari'a a Harvard, ta wuce nan, ta nemi a hana karatun gida sai ga wanda ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili. HSLDA da magoya bayanta suka mayar da martani cewa ana cin zalin yara a makarantu ma, kuma bai kamata a mayar da miliyoyin iyaye abin tuhuma saboda laifin 'yan tsiraru ba.

Sakamako da farashi

Masu goyon baya kan kawo binciken Brian Ray, wanda ke nuna yaran gida na cin maki sama da na makarantun gwamnati. Matsalar ita ce iyalai ne da kansu ke ba da kai a auna su, wanda ɗansa ke baya kuwa ba ya gaggawar zuwa. Robert Kunzman da Milton Gaither, da suka tattara binciken da aka yi suka tace a 2013, sun nuna cewa halin gidan da yaro ya fito na da babban tasiri a sakamakon, kuma yaran gida sun fi ƙarfi a karatu da harshe, lissafi kuma yakan ba su wuya. Dalilin a fili yake. Kowace uwa mai ilimi na iya karanta wa ɗanta littafi awa guda a rana, amma ba kowace ce ke tuna aljabra ba.

Zancen cuɗanya da mutane shi ne abin da aka fi tambayar su, kuma shi ya fi ba su haushi. Yawancin yaran na da coci, da haɗaka, da wasanni. Tim Tebow a gida ya yi karatu, ya buga wa wata sakandaren gwamnati ƙwallon Amurka a ƙarƙashin dokar Fulorida, ya kuma lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2007. Abin lura ba yawan abokai ba ne, irinsu ne: shin akwai wanda addininsa ko launinsa ko ra'ayin gidansu ya saɓa da nasa? Kuma ba addini kaɗai ke kai iyaye ga wannan zaɓi ba. A binciken gwamnati na 2016, kashi 80 cikin 100 sun ambaci damuwa da yanayin makaranta, irin su tsaro da ƙwaya da miyagun abokai, kashi 51 kuma suka ambaci koyar da addini. Iyalan Musulmi a Amurka da Ingila da ke karatun gida kusan dalilansu ke nan.

Farashin gaske ba kuɗin littattafai ba ne, albashin uwa ne. Shekara 12 ko fiye za ta bar aikinta, gida ya dogara da samun mutum ɗaya. Jihar Arizona ta buɗe wa kowane yaro asusun ilimi a 2022, kimanin dala 7,000 a shekara, wanda ake iya kashewa kan karatu a gida. Wasu tsoffin 'yan harkar sun ƙi karɓa, suna cewa inda kuɗin gwamnati ya shiga dokarta na biye.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba baƙon ilimin gida ba ne, domin Nana Asma'u a gidan mahaifinta ta yi karatun da ya sa ake ambatonta har yau. Amma kada a haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Karatun gida na Amurka a kan uwa mai ilimi yake tsaye, da laburare kyauta, da manhaja bugaggiya, da kwalejin da ke jiran yaro. Wanda aka ajiye a gida babu waɗannan, ba ɗan makarantar gida ba ne, yaro ne da ba ya makaranta.

Hukunci

Mako guda ya isa ya nuna cewa ana iya samun ilimi mai kyau a teburin cin abinci, wani lokaci ma fiye da na aji. Makarantu na da abin koyo a nan: tarihi da kimiyya da lissafi ba sai an yanka su minti arba'in-arba'in ba, kuma abin da yaro ya taɓa da hannunsa ya fi zama a kansa. Amma nagartar tsarin gaba ɗaya ta rataya ne a kan nagartar iyayen, yaro kuwa ba shi ya zaɓi iyayensa ba. Don haka abin da ya dace a nema daga kowane gida abu uku ne: yaro ya iya abin da sa'o'insa suka iya, ya ji muryar wasu malamai ban da ta gidansu, kuma wani babba daga waje ya riƙa ganinsa. Haramci irin na Jamus ya ƙwace wa iyaye nagari haƙƙinsu, sakaci irin na jihohin da ba sa ko tambaya ya ƙwace wa yaro nasa. Sanar da hukuma sau ɗaya a shekara da auna yaro sau ɗaya a shekara ba zai rage wa gidan kirki komai ba, kuma shi ne kaɗai kariyar da yaron mugun gida yake da ita.